Fitilar da ta tsaya a kore: abin da sabunta Jenkins ya jawo a 2019

A shekarar 2019 masu kula da Jenkins, manhajar da ke haɗa aikin masu rubuta manhaja ta gwada shi ta faɗi ko ya yi ko ya ɓaci, suka cire wani ɗan ƙaramin shafi daga jikinta, mai suna cc.xml. Ba shafi ba ne da mutum ke buɗewa ya karanta, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke aiki da Jenkins safe da yamma ba su ma san da zamansa ba. Na'urori ne masu karanta shi: ɗan tambarin da ke kusurwar allon kwamfuta yana sauya launi, talabijin ɗin da aka kafa a bangon ofis, fitilar da aka jona da USB, da jiniyar da ke kuka idan aiki ya ɓaci. Duk wanda ya sabunta Jenkins ɗinsa ba tare da ya karanta sanarwar da ta zo da sabuntawar ba, ya toshe wa waɗannan na'urori ido bai sani ba. Wadda aka gina da natsuwa takan nuna cewa ta daina gani. Wadda aka haɗa a gaggauce kuwa sai ta ci gaba da haska kore, mutane suna wucewa ta gabanta hankali kwance. Wannan ta biyun ce ta sa na ga lamarin ya cancanci a zauna a bi shi daki-daki.

Me ya kawo fitila ofishin masu rubuta manhaja

Babbar manhaja ba mutum ɗaya ke rubuta ta ba. Sai ka tarar da mutum goma ko ashirin a kan kod guda, wato rubutattun umarnin da ake gina manhaja da su, kowa yana gyara ɓangarensa yana turawa ma'ajiya ɗaya, wadda a yau yawanci Git ce. Ɓangaren kowa yana iya yin aiki lafiya lau a kwamfutarsa, amma da an haɗa da na sauran sai rigima ta tashi. Shi ya sa ake ware wata kwamfuta, uwar garke, wadda ba ta da aikin yi sai jiran a turo sabon kod. Da an turo sai ta kwaso komai, ta haɗa shi ya zama manhaja mai tashi, ta bi da shi ta cikin gwaje-gwajen da aka riga aka rubuta. Wannan zagaye shi ake kira gini. Idan komai ya wuce sai a ce gini ya yi kore, idan wani abu ya faɗi sai a ce gini ya karye.

Kent Beck da abokan aikinsa ne suka yayata wannan ɗabi'a ta haɗa kod a kai a kai a ƙarshen shekarun 1990, Martin Fowler kuma ya yi rubutu a kanta a shekarar 2000 wanda ya yaɗu sosai. Ƙa'idar da suka fi nanatawa ita ce, idan gini ya karye a gyara shi nan take, kafin kowa ya ƙara komai a kai. Dalilin a bayyane yake. Idan gyara ɗaya ne ya shiga tsakanin kore da ja, ba sai an yi dogon bincike ba, an san inda matsalar take. Idan kuwa aka bari gyara goma sha biyar suka hau kan karyayyen gini, to gano wanda ya jawo ɓarnar ya zama aikin yini, kuma duk wanda ya saukar da kod a tsakanin ya kwashi matsalar ya kai kwamfutarsa.

Don haka amfanin uwar garken gaba ɗaya ya rataya ne a kan saurin isar labari. Da farko imel ake turawa. Imel kuwa kowa ya san halinsa, idan ya yi yawa sai mutane su tura shi wata jaka da ba sa buɗewa. Daga nan aka fara neman abin da ido ba zai iya kauce wa ba. A farkon shekarun 2000 Alberto Savoia ya shahara da amfani da fitilun ado guda biyu, kore da ja, irin masu kaki a cikin ruwa wanda ke narkewa yana hawa yana sauka idan ƙwan ya ɗumama shi. Ana kunna su ana kashewa ta hanyar X10, wata tsohuwar dabara ta aika umarni ta cikin wayar wutar gida. Abin sha'awa a nan shi ne jar fitilar ba ta fara motsi sai bayan wasu mintoci, saboda sai kakin ya yi zafi, sai wannan ya zama wa'adi: a gyara gini kafin jan kaki ya fara tashi. Tunanin bai yi nisa da na masana'antar Toyota ba, inda ma'aikaci ke jan igiya idan ya ga aibi, fitila ta kama, shugaban layi ya taso. Bayan haka abubuwa suka yi sauƙi. A 2012 aka samu Raspberry Pi, ƙaramar kwamfuta mai arha, da blink(1) na kamfanin ThingM, 'yar fitila mai launuka da ake cusawa a ramin USB. Akwai kuma Siren of Shame, manhajar sa ido a kan gini mai tafiya da jiniyarta ta USB. Kafa fitilar gini ya zama aikin da mutum ɗaya zai gama da yammacin Juma'a.

Daga ina cc.xml ya fito

Kafin Jenkins akwai wata manhajar gini irinta, CruiseControl, wadda ma'aikatan ThoughtWorks suka fitar a 2001, sannan 'yar uwarta CruiseControl.NET ta masu aiki da kayan Microsoft. Ita wannan ta biyun ta zo da wata 'yar manhaja mai suna CCTray da ke zama kusa da agogon Windows tana nuna launin gini, har da wurin saita X10 a cikinta domin masu fitilun kaki. Tsarin bayanin da CCTray ke karantawa mai sauƙi ne ƙwarai, shi ya sa sauran uwayen garke irin su GoCD da TeamCity da Travis CI suka riƙa fitar da irinsa, masu rubuta manhajojin sa ido kuma suka riƙa karanta shi. Erik Dörnenburg ya rubuta CCMenu domin masu kwamfutar Mac a kan wannan tsari.

Idan ka buɗe fayil ɗin, layi ɗaya za ka gani ga kowane aiki. Akwai sunan aikin. Akwai abin da yake yi yanzu, ko "Sleeping" idan yana hutawa ko "Building" idan yana kan gini. Akwai sakamakon ginin ƙarshe, wanda ɗaya ne cikin kalmomi huɗu: "Success", "Failure", "Exception" ko "Unknown". Sai lambar ginin, da lokacinsa, da adireshin shafinsa. Uwar garke ba ta kiran kowa ta ba shi labari. Manhajar sa ido ce ke zuwa da kanta, bayan kowane 'yan daƙiƙu, ta nemi fayil ɗin ta duba. Wannan yana nufin nauyin gane cewa labari ya yanke yana wuyan mai zuwa tambaya ne kacokan. Uwar garken ba ta san wa ke dogaro da ita ba, ba ta kuma da hanyar sanar da shi cewa ta daina amsawa.

Ita Jenkins ta faro ne da sunan Hudson, wadda Kohsuke Kawaguchi ya rubuta yana ma'aikacin Sun Microsystems, ta fito a 2005. Oracle ya sayi Sun a 2010, aka samu saɓani a kan mallakar sunan, a farkon 2011 jama'ar da ke aikin suka kaɗa ƙuri'a suka koma Jenkins. Tun zamanin Hudson cc.xml yake cikin ainihin manhajar. Ba sai ka saka komai ba, ka ƙara sunan a ƙarshen adireshin uwar garkenka kawai sai ya fito. Shekara da shekaru haka yake, har mutane suka daina kallon sa a matsayin abin da wani ke kula da shi.

Abin da aka canza

Jenkins tana fitar da sabon zubi, wato sabuwar sigar manhajar, kusan kowane mako. Kamfanoni da yawa ba sa bin wannan layin, sun fi son layin LTS, inda duk bayan mako 12 ake zaɓar ɗaya daga cikin zubin mako-mako a riƙe shi ana yi masa gyare-gyare. Duk canjin da ya taru a tsakani yana isowa masu bin LTS ne a rana ɗaya.

A wancan lokacin masu kula da Jenkins suna ta rage wa ainihin manhajar kaya, suna mayar da abin da ba kowa ke bukata ba zuwa filogin, wato ɗan ƙarin da mai so yake sakawa da kansa. A shekarar ta 2019 aka fitar da fassarar Sinanci zuwa filogin nata, aka kuma cire tsohuwar hanyar aika umarni daga nesa wadda ta sha jawo matsalar tsaro. cc.xml ma a wannan shara ya fita. Sanarwar canje-canjen ta faɗa a fili cewa an cire shi, wanda ke son ci gaba da amfani da shi ya saka filogin mai suna CCtray XML. Ba a ɓoye komai ba, gyaran kuma bai fi aikin 'yan mintoci ba.

Matsalar ita ce mai sabunta uwar garke da mai fitila sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne. Mai sabuntawa yana karanta sanarwa yana neman abin da ya shafi gini da filogin da tsaro. Ya ga kalmar CCtray, bai taɓa saka wani abu mai wannan suna ba, sai ya wuce. Ya sabunta, ya shiga shafin Jenkins, ayyuka suna tafiya, ya rufe kwamfutarsa. Ta ɓangarensa komai ya yi daidai, kuma gaskiya ne. Fitilar kuwa wani ne ya haɗa ta shekara biyu ko uku baya, wataƙila ma ya bar kamfanin, ɗan shirin da ke sarrafa ta yana zaune a cikin wata Raspberry Pi da aka manna a bayan talabijin.

Daga wannan lokaci duk wanda ya nemi cc.xml, amsar da yake samu ita ce 404, wato babu wannan shafi. Abin da zai biyo baya ya danganta da yadda aka rubuta mai tambayar, kuma a nan ne lamarin ya rabu.

CCTray tana da launin toka domin irin wannan hali, idan ta kasa samun bayani sai ta koma toka. Mai ita zai ga tambarinsa ba kore ba ne ba ja ba ne, ya tambaya. Wannan ita ce makanta mai faɗin gaskiya, kuma ba ta daɗewa ba a gano ta ba.

Akwai ɗan shirin gida da aka rubuta shi ya zagaya har abada: nemo fayil, karanta, saita launi, jira daƙiƙa 30, sake. Marubucinsa ya lura cewa wani lokaci intanet na yankewa shirin ya mutu, sai ya ƙara masa layin da ke cewa idan an samu kuskure a yi shiru a sake gwadawa. Niyyarsa mai kyau ce. Amma fitila irin blink(1) tana riƙe launin ƙarshe da aka ba ta muddin akwai wuta a jikinta. Idan gini yana kore a daren da aka sabunta uwar garke, to kore ɗin nan zai zauna, shirin yana ta karɓar 404 yana haɗiyewa duk rabin minti.

Na uku ya fi muni, kuma shi ne ya fi sauƙin rubutawa. Maimakon ya karanta fayil ɗin bisa tsarinsa, sai kawai ya nemi kalmar "Failure" a cikin duk abin da ya dawo. Idan ya gan ta ya kunna ja, idan bai gan ta ba ya kunna kore. Shafin kuskure na 404 ba ya ɗauke da wannan kalma. Saboda haka ko da gini yana ja kafin a sabunta, da an sabunta sai fitila ta juye kore, mutanen ofis su ɗauka wani ya gyara. Wannan shirin bai taɓa tambayar ko gini ya yi nasara ba. Abin da yake tambaya shi ne ko ya ji labarin faɗuwa, rashin jin labari kuma ya ɗauke shi a matsayin lafiya. Kamar maigidan da ke auna tsaron gidansa da shirun maigadi ne, alhali maigadin da ke barci da wanda bai ga ɓarawo ba shirunsu iri ɗaya ne.

Ɓarnar da ke biyo baya ta fi ta rashin fitila gaba ɗaya, kuma wannan nake so a gane. Ƙungiyar da ba ta da fitila tana da al'adar leƙa shafin Jenkins. Ƙungiyar da ta saba da fitila ta riga ta bar wannan al'ada, domin dalilin kafa fitilar ke nan tun farko. Sun ɗaga kai sun ga kore, sun ci gaba da turo kod. Gini ya karye, gyara na hawa kan gyara. Ranar da aka zo fitar da manhaja ga masu amfani, ko wani ya shiga shafin domin wata bukata daban, sai ya tarar da jerin ja. Sannan a fara aikin da aka kafa tsarin domin a guje masa, wato bin gyare-gyare ɗaya bayan ɗaya ana neman inda abu ya fara lalacewa.

Canji na biyu, wanda ya yi ƙara

A ranar 17 ga Yuli 2019 Jenkins ta fitar da gyaran tsaro a zubi na 2.186 da na LTS 2.176.2, wanda shi ma ya taɓa irin waɗannan na'urori, ta wata fuska daban. Akwai wani nau'in hari da ake kira CSRF. Mutum ya shiga Jenkins da burauzarsa, sannan ya buɗe wani shafi na mugu, shafin ya aika umarni zuwa Jenkins a ɓoye, burauza ta haɗa da shaidar shigar mutumin, Jenkins ta ɗauka shi ne ya bayar. Kariyar ita ce wata 'yar lambar sirri da Jenkins ke kira "crumb", wadda dole ta raka duk umarnin da zai canza wani abu. A da wannan lamba ba ta ɗaure da zaman shiga ba, idan ta faɗa hannun wani tana iya yi masa amfani na tsawon lokaci. Gyaran ya ɗaure ta da zaman da aka karɓe ta a ciki.

Karanta halin gini bai shafi wannan ba. Amma manhajar sa ido ko na'urar da ke da maɓallin sake tayar da gini, idan tana karɓar lambar a kira ɗaya ta yi amfani da ita a kira na gaba ba tare da ta riƙe kukin zaman ba, wato ɗan bayanin da ke shaida cewa zaman shiga ɗaya ne, sai Jenkins ta mayar mata da 403, wato an hana, da saƙon "No valid crumb was included in the request". Jagorar sabuntawa ta ba da mafita: ko shirin ya riƙa riƙe kukin, ko ya koma amfani da tokin na API, wato makullin shiga da ake ba shiri, a madadin kalmar sirri, domin tun zubi na 2.96 mai tokin ba ya bukatar wannan lamba. An kuma bar wani saiti da ke mayar da tsohon hali. Ni dai ban ga hujjar taɓa wannan saitin domin maɓalli ɗaya ba, tunda buɗe ramin da aka toshe ne a kan kowa domin a huta da gyaran layi biyu.

Na kawo wannan ne domin a ga bambancin. Wanda ya danna maɓalli bai ga gini ya tashi ba, nan take ya san da matsala, saƙon kuskuren ma ya faɗa masa inda zai duba. Lalacewa mai ƙara tana kai kanta wurin mai gyara. Ta cc.xml kuwa babu wanda ke danna komai, babu wanda ke jiran amsa, sai launi da ke nan kamar jiya.

Laifin wa

Akwai masu cewa bai kamata a cire abin da ya yi shekaru yana aiki ba. Na fahimci zafin, amma ban yarda ba. Duk abin da ke cikin ainihin manhaja nauyi ne a kan masu kula da ita, waɗanda da yawansu sa kai suke yi, kuma sun sanar, sun ba da madadin. Abin da za a iya cewa shi ne layi ɗaya a cikin doguwar sanarwa bai kai ga mutumin da abin ya shafa ba, domin shi ba ya cikin masu karanta ta.

Akwai kuma masu ɗaukar darasin a karkace, su ce tunda sabuntawa na karya abubuwa, a bar uwar garke yadda take. Wannan ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Uwar garken gini tana riƙe da kod ɗin kamfani gaba ɗaya da makullan shiga inda ake ɗora manhaja. A farkon 2018 kamfanin tsaro na Check Point ya ba da rahoton wasu da ke kutsawa uwayen garken Jenkins da ba a sabunta ba suna haƙar kuɗin intanet na Monero da su, kuma ta waccan tsohuwar hanyar aika umarni suka bi. A Janairu 2024 ma an sanar da wani rami, CVE-2024-23897, da ke ba mahari damar karanta fayiloli a uwar garken, aka toshe shi a zubi na 2.442 da LTS 2.426.3. Wanda ya ƙi sabuntawa domin kada fitilarsa ta mutu ya sayar da babba ya sayi ƙarami.

A ganina ainihin aibin yana cikin ginin na'urar faɗakarwar. An ba ta baki biyu kawai, lafiya da ba lafiya, alhali halin da take iya shiga uku ne, na ukun shi ne "ban sani ba". Waɗanda suka tsara cc.xml sun san da wannan, shi ya sa suka saka "Unknown" a cikin kalmominsu huɗu. Masu haɗa fitila a gida ne suka riƙa tsallake shi, domin ranar da suke gwadawa komai yana aiki, kuma kore da ja ne ke burge mutane.

Gyaran da ya dace

Saka filogin ɗin CCtray XML yana dawo da shafin, fitila ta farfaɗo. Amma wannan ya warkar da na yau ne kawai. Wasu sukan bar cc.xml su koma hanyar JSON ta Jenkins, wani tsarin bayani dabam da shiri ke karantawa, wadda ke ba da launin kowane aiki kai tsaye, kuma a can ma akwai tarko. Launin nasara a wurin Jenkins "blue" ne, shuɗi, gadon al'adar Japan inda Kawaguchi ya fito, shirin da ke jiran "green" ba zai taɓa ganin sa ba. Idan gini yana tafiya ana ƙara "_anime" a ƙarshen launin, don haka shirin da ke neman "red" cif-cif zai rasa "red_anime", ya kashe jar fitila a daidai lokacin da karyayyen gini ke sake gwaji. Akwai kuma "yellow", na ginin da ya haɗu amma wasu gwaje-gwaje suka faɗi, wanda tsarin cc.xml ba shi da kalmarsa, sai mai shirin ya yanke da kansa inda zai ajiye shi.

Ko wace hanya aka bi, ƙa'idar ɗaya ce: kada a kunna kore sai an ga shaidar nasara da ido, sabuwa, daga amsar da aka tabbatar ta zo daidai. Duk abin da ba wannan ba, ko 404 ne, ko 403, ko shafi marar kan gado, ko jerin ayyuka da ya dawo fanko, launinsa daban, kuma ya zama launin da ke damun ido, mai ƙyaftawa. Shirin ya riƙe lokacin da ya samu amsa mai kyau ta ƙarshe, idan an wuce 'yan mintoci ba sabuwa ya sauya da kansa.

Saura idan shirin ne kansa ya mutu, wa zai sauya launin? Masu blink(1) sun yi tunanin wannan. Na'urar tana da wani yanayi da suke kira "servertickle": kwamfuta tana taɓa ta lokaci-lokaci, idan wa'adin ya wuce ba a taɓa ta ba sai ta fara kunna tsarin hasken da aka adana a cikinta, ba tare da jiran umarnin kowa ba. Masu amfani da Prometheus, manhajar sa ido a kan uwayen garke, suna da irin wannan dabara, faɗakarwar da ke kunne kullum, ranar da ta daina isowa an san bututun faɗakarwar ne ya toshe. Kayan aikin suna nan, saura a yi amfani da su.

Jiniya ta fi fitila wahala a nan, domin halinta na kullum shiru ne. Fitila ana iya tsara ta yadda duhu yake nufin matsala, jiniya kuwa ba za ta yini tana kuka domin ta nuna tana raye ba. Hanyar da na sani ita ce a haɗa ta da ɗan haske mai nuna rai, a kuma sa ta yi ɗan gajeren ƙara a wani sanannen lokaci kowace safiya, yadda rashin jin sa zai sa wani ya tambaya. Ga ofisoshinmu da ake ɗauke wuta ana komawa janareta wannan ya ƙara muhimmanci, domin duk ɗaukewa tana sake tayar da 'yar kwamfutar da ke bayan talabijin, kuma idan ba a saita shirin ya tashi da kansa ba, na'urar za ta zauna a jone ba mai yi mata magana.

Kafin ranar sabuntawa akwai binciken da ba ya cin lokaci. Idan akwai nginx ko Apache, manhajojin da ke karɓar masu shigowa su miƙa su ciki, a gaban Jenkins, a buɗe rajistar masu shigowa a duba adiresoshin da ake nema a kai a kai. Na'urar sa ido ba ta ɓuya a nan: adireshi ɗaya, daga kwamfuta ɗaya, duk daƙiƙa 30, dare da rana, har ranar Lahadi. Wannan shi ne jerin masu dogaro da uwar garken da babu wanda ya rubuta. Bayan sabuntawa a sake duba rajistar, idan layin da ke samun 200 jiya, wato amsar lafiya, ya koma samun 404 yau, an kama matsalar tun kafin kowa ya iso ofis. A kuma karanta jagorar sabuntawa ta kowane zangon LTS da aka tsallake, ba ta wanda za a sauka a kai kaɗai ba.

Sannan a ajiye wani aiki na musamman a Jenkins wanda ba shi da amfani sai gwaji, mai sauƙin karyawa da gangan. Bayan kowace sabuntawa a karya shi, a tsaya a ga fitila ta yi ja, jiniya ta yi kuka, a gyara shi a ga kore ya dawo, a kashe uwar garken na ɗan lokaci a ga launi na uku ya fito. Shi kuma ɗan shirin a ɗauko shi daga bayan talabijin a saka shi a ma'ajiyar kod tare da sauran, da sunan wanda ke kula da shi.

Abubuwa uku ne ke sabuntuwa a wannan sarƙa, kowanne da lokacinsa: uwar garke, manhajar sa ido, da kwamfutar da na'urar ke jone da ita. Na ukun ma yana iya yanke sarƙar, misali a Linux sai an ba mai amfani izinin taɓa na'urar USB ta ƙa'idar udev, idan aka sake ɗora tsarin aka manta da wannan fayil shirin zai tashi amma ba zai iya magana da fitilar ba. Kada a sabunta ukun a rana ɗaya, domin idan abu ya lalace ba za a san wanne ne ba. Canje-canje irin na 2019 kuma ba su ƙare ba, har a kan Java, manhajar da Jenkins ke tashi a kanta. A Satumba 2022 layin LTS ya daina tashi a kan Java 8 daga zubi na 2.361.1, a Oktoba 2024 kuma zubi na 2.479.1 ya wajabta Java 17. Wanda ya sabunta bai shirya Java ba, Jenkins ba za ta tashi ba sam, mai zuwa tambaya ba zai samu ko 404 ɗin ba, kuma abin da fitila za ta nuna a ranar ya danganta ne da ko an koya mata launi na uku.